Ƙofa Uku a Kafaɗar Masunci

Shekara goma sha ɗaya ke nan
da birgina ya maƙale
a kututturen kwakwa da ya nutse a tafkin Vembanad.
Na fizga, tafki ya fizga.
Na ji ƙas,
kafaɗar dama ta bar gidanta.

Tun daga ranar ta koyi yawo.
In zan rataye fitila, ta fita.
In na juya cikin barci, ta fita.
Ranar auren Jomon
ina miƙa wa baƙo shinkafa a ganyen ayaba, ta fita.
Na zagaya bayan coci, na jingina da bango,
na mayar da ita da kaina, haƙora a cije,
na dawo ina dariya, gumi har tafin ƙafa.

Mai ɗori na Kumarakom ya ɗumama man kwakwa,
ya murza, ya naɗe ni kwana arba'in.
Ƙanshi dai ya yi.
Aleyamma ta ce, a sayar da kwale-kwalen nan mana.
Na yi kamar iska ce ta yi magana.

A asibitin Kottayam
likita Sreelatha, wadda ba ta wuce sa'ar 'yata ba,
ta ɗora lemo a kan farantin shayi.
Ta ce, ga kafaɗarka.
Farantin yana da leɓe na guringuntsi,
naka ya yage tuntuni,
shi ya sa lemon ke gangarowa.
Na ce, yanzu feɗe ni za ki yi kamar kifi?
Ta ce, ƙofa uku kawai,
kowace ba ta fi ramin maɓallin riga ba.
Ta ɗaya ido zai shiga da fitilarsa,
ta sauran biyun, zare da abin saƙa shi.

Aka ce in ƙirga daga goma zuwa ƙasa.
Bakwai ce ƙarshen sanina.

Washegari ta nuna min hoton a allo.
Ashe cikina ma tafki ne.
An cika gaɓar da ruwan gishiri,
komai fari, komai yana lilo a hankali
kamar ciyawar ƙasan ruwa da asuba.
Ga leɓen nan yana reto, ya sake,
ga kan ƙashi da tabon kowace fita,
kamar gefen jirgin da ya sha dukan gaɓa.
Na ga ta kafa 'yan turaku a bakin ƙashi,
ta zura zare, ta jawo abin da ya yage,
ta ƙulla.
Na dubi ƙullin da kyau, na sake dubawa.
Shekara arba'in ina ɗinkin koma,
ban ga inda zan gyara mata ba.

Mako shida hannu na rataye a wuya.
Aleyamma ke ɗaura min zane,
tana mita, tana ɗaurawa.
Sai aka sa yatsuna su hau bango
kamar ƙaguwa mai jin tsoro,
yau bulo ɗaya, jibi ɗaya da rabi.
Na zana alama da gawayi.
Jikata ta zana tata a ƙasa.

Wata na bakwai na tura kwale-kwale.
Na tattara birgi, dalma tana kaɗawa a gwiwata,
na tsaya.
Ƙashi ya zauna, amma tsoro bai ji labari ba.
Shi ba a ɗinke shi da zare.

Na jefa.
Birgin bai buɗe kamar da ba,
ya faɗi a karkace, rabin wata.
Na jawo: karimin biyu, da tsohon takalmin roba.

Na taɓa kafaɗar ta cikin riga.
Tabo uku, kamar cizon sauro.
Tana gida.
Na sake tattara birgin.